Jarkar Baba

Mu huɗu mahaifinmu ya haifa, maza uku da mace ɗaya, kuma duk cikinmu babu wanda zai ce ya taɓa sanin lokacin da yake zagawa. Mutum ne mai tsananin kula da tsarki. Butarsa daban take, ba mai taɓa ta, in kuwa ya yi shakkar wani abu ya ɗiga a wandonsa, to ba zai tsaya salla da shi ba sai an wanke. Saboda haka mai karatu zai iya ƙiyasta halin da muka shiga a watan Maris na 2019, ranar da wani dattijo ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ya miƙo mana farar jarka mai cin lita 5, ya ce mu je mu tara masa fitsarin Baba na awa 24 cif, kada ko ɗigo ya zuba a ƙasa.

Baba ɗan kasuwar hatsi ne. Ya shekara 40 yana awon gero da dawa da masara, kuma abin da aka san shi da shi a kasuwar garinmu shi ne ba ya tauye mudu, ba ya kuma yarda a cuɗa masa tsohon hatsi da sabo. A lokacin da muke magana yana da shekara 66, ya rame har nauyinsa ya koma kilo 58. Ya daɗe da hawan jini, amma shan maganinsa sai ranar da kai ya sara. Da zarar ciwon kai ya lafa, sai ya tura kwalin ƙarƙashin matashi. Ga kuma ciwon gwiwa, wanda ya sa kusan kullum sai ya aika yaro kemis a sayo masa ƙwayoyin ciwon jiki. Inna ce ta fara lura takalminsa ya daina shiga ƙafarsa da yamma, kuma yana tashi sau uku ko huɗu cikin dare. Da ƙyar muka lallashe shi muka kai shi babban asibiti a birni.

Likitar da ta duba shi, wata mata mai haƙuri da tsofaffi, ta sa aka ɗebi jininsa. Sakamako ya nuna wani abu da ake kira kiriyatinin ya kai miligiram 2.0 a kowace desilita ta jini, wato mililita 100, alhali a yawancin maza lafiyayyu yakan tsaya ne tsakanin 0.7 da 1.3. Ta ce ƙoda ta taɓu, amma tana son ta san iya taɓuwar, domin mutum mai rama irin Baba awon jini kaɗai yana iya ɓoye gaskiyar halin da yake ciki. Daga nan ne muka faɗa hannun dattijon nan mai jarka.

Ya kamata a nan mu ɗan tsaya mu faɗi abin da ake aunawa, kamar yadda aka yi mana bayani, da kuma yadda muka ƙara karantawa daga baya. Ƙoda biyu Allah Ya yi wa ɗan Adam, kowace ba ta wuce dunƙulen hannu ba, kuma a cikin kowace akwai 'yan mitsi-mitsin matatai kimanin miliyan 1. A kwana guda suna tace ruwan jini da ya kai lita 180, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su fitar da lita 1 zuwa 2 a matsayin fitsari. Shi kuwa kiriyatinin dusa ce da tsokar jiki take zubarwa cikin jini, kuma abin da ya ba shi daraja wurin likitoci shi ne kusan adadi ɗaya tsokar mutum take zubarwa yau da gobe da jibi, sannan ƙoda ce hanyar fitarsa. To, in an san yawan wanda ke cikin jini, aka kuma san yawan wanda ya fita cikin fitsari a kwana guda, sai a lissafa mililita nawa na ruwan jini ƙoda take wankewa tas a kowane minti. Matashi lafiyayye yakan sami 90 zuwa 120, ko sama da haka. Adadin yana raguwa sannu a hankali da tsufa. In ya faɗi ƙasa da 15, an shiga matakin da ake fara maganar wankin ƙoda ko dashe.

Dattijon ya yi mana bayanin ƙa'ida dalla-dalla, har sau biyu. Ya ce fitsarin farko na safiya a zubar da shi, amma a rubuta lokacin. Daga nan duk wanda ya biyo baya, dare da rana, a jarka zai ƙare, har zuwa na washegari a daidai wancan lokaci, shi ma a haɗa da shi. A ajiye jarkar a wuri mai sanyi, a kawo ta da safe, a sake ɗibar jini. Muka ce mun ji. Da ya juya wajen Baba ya ce, "Alhaji, an gane ko?" sai Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Yara sun ji." Tun daga asibiti har gida, tafiyar awa biyu a mota, jarkar tana cikin buhu a ƙarƙashin kujera, ba wanda ya ambace ta.

A nan kuskurenmu ya faro. Yayanmu ɗan fari ne, Baba ko sunansa ba ya faɗa, balle su zauna su yi zancen fitsari. 'Yar'uwarmu ta ce ita mace ce, ba huruminta ba ne. Sauran biyun kowa ya ɗauka ɗayan zai yi magana. Ƙarshenta sai muka ajiye jarkar a bayan ƙofar ɗakin Baba, da mazurari a kanta, muka bar ta ta yi wa kanta bayani. Inna ma ba mu zaunar da ita mun gaya mata ƙa'idar ba, sai dai muka ce mata likita na son fitsari.

Da hantsi aka aiko an yi rasuwa a wani ƙauye kusa da mu, abokin cinikin Baba ne na shekara da shekaru. Ya sa babbar riga ya fita, bai dawo ba sai bayan la'asar. Dukanmu mun ga fitarsa hannu rabbana, mun kuma san abin da hakan ke nufi, amma wa zai bi dattijo da kwalba zuwa wurin jana'iza? Cikin dare kuma ya yi amfani da fo kamar yadda ya saba tun da gwiwa ta matsa masa, da nufin a juye da safe. Inna kuwa, bisa al'adarta ta shekaru, tun kafin kiran assalatu ta ɗauke ta zubar, ta wanke fon da toka ta kife.

Da gari ya waye muka ɗaga jarka, sai muka ji ta shafal. Abin da ke ciki bai fi mililita 800 ba. Muka tsaya cirko-cirko a tsakar gida. Hutun da biyu daga cikinmu suka ɗauka a wurin aiki ya ƙare a ranar, an riga an biya kuɗin gwaji, ga mota tana jira, ga kuma nauyin a koma a ce wa Baba a sake wani kwanan. Ba za mu faɗi ko hannun wane ne ya ɗauki moɗa ya nufi randa ba, domin sauran ukun suna tsaye suna kallo, kuma babu wanda ya ce a bari. Aka zuba ruwa har jarka ta kai lita ɗaya da rabi, ta yi kama da ta mutumin da ya bi ƙa'ida.

Ranar Juma'a muka karɓo sakamako ta taga. A ƙasan takardar an rubuta 14.6, an ja layi. Ƙaramin cikinmu ya riga ya bincika abin da ƙasa da 15 ke nufi, saboda haka tun a bakin asibiti ƙafafunmu suka yi sanyi. Abin da ya ƙara tsananta mana shi ne wani lissafi da muka yi wa kanmu cikin jahilci. Mun ɗauka ruwan da muka zuba ya tsarma dattin fitsarin, wato ya gyara sakamakon ke nan, in kuwa gyararren ya nuna 14.6, to na gaskiyar Allah kaɗai Ya san inda ya tsaya.

Ganin likita sai Litinin. Kwana ukun nan ba mu yi barcin kirki ba. Muka taru a zaure bayan Baba ya kwanta, muna magana ƙasa-ƙasa. Mun ji cewa wankin ƙoda sau uku ake so a yi shi a mako, kowane zama kimanin awa 4, kuma mun san gidajen da ya cinye musu gona da shanu cikin 'yan watanni. Muka lissafa gonar fadama, da filin da Yaya ya saya bai gina ba, da 'yan kunnen Inna. 'Yar'uwarmu ta ce ta ji ana dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tun 2002, in tata za ta yi daidai, a cire. Har dillali aka yi wa magana a kan gonar, Baba bai sani ba. A duk zaman nan ba wanda ya ambaci moɗa da randa.

Ranar Litinin likita ta karɓi takardar, ta dube ta, ta dubi Baba, sai ta juya bayanta ta ɗauki biro. Ta cire shekarun Baba daga 140, ya ba ta 74. Ta ninka da nauyinsa, kilo 58. Ta raba da 72 sau 2.0, wato 144. Amsa ta fito kusan 30. Daga baya muka san wannan lissafi wasu likitoci biyu ne a Kanada, Cockcroft da Gault, suka fitar da shi a 1976 bayan sun nazarci maza 249, don a ƙiyasta aikin ƙoda daga jini da shekaru da nauyi ba tare da tara fitsari ba. In mace ce akan ninka amsar da 0.85, saboda tsokar mata ba ta kai ta maza ba.

Ta sake wani lissafin. Takarda ta ce akwai miligiram 28 na kiriyatinin a kowace desilita ta fitsarin, jarka kuma desilita 15 ce, jimla miligiram 420. Ta ce namiji mai nauyin Baba da shekarunsa, abin da ya kamata ya fitar a kwana guda ya kusa ninki biyu na wannan. Sai ta ajiye biro ta ce, "Baba, ka yi mini haƙuri, zan tambayi 'ya'yanka wani abu." Ta juyo gare mu. "Ku gaya mini tsakaninku da Allah, duka aka tara?"

Masu iya magana sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Yaya ne ya yi ta maza ya faɗi komai, tun daga jana'iza har moɗa. Mun zaci za ta yi faɗa, amma sai ta yi murmushi ta dubi 'yar'uwarmu ta ce, "Hajiya, in kin zuba gishiri cokali ɗaya a tukunya, kika ƙara ruwa, miya za ta yi salam, amma gishirin cokali nawa ne a ciki?" Ta ce ɗaya. Likita ta ce to haka abin yake. Ana ninka ƙarfin kiriyatinin da yawan fitsarin ne, ruwa ya ƙara wannan ya rage wancan, jimla tana nan inda take. Ruwanmu bai gyara komai ba, bai kuma ɓata lissafin ba, sai dai ya ɓoye wa ma'aikacin gwaji alamar da za ta sa ya ce a sake. Abin da ya karya adadin shi ne fitsarin da ya tafi a ƙauye da wanda Inna ta zubar, domin lissafin ya ɗauka ƙodar ce ta kasa fitar da shi. Ta ƙara da cewa da ta yi aiki da 14.6, da ta canza masa magunguna da yawan da zai sha, da kuma ta fara shirya mu don abin da lokacinsa bai zo ba.

Duk wannan Baba yana zaune yana ji. Bai ce uffan ba sai da muka shiga mota muka bar gari. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Shekara 40 ina awo ban tauye wa kowa mudu ba, yau ga shi an yi algus a nawa awon, kuma a gidana." Muka yi tsit. Can sai ya ƙara da cewa, "Amma ni na fara. Na san da jarkar na sa ƙafa na fita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Kwana na biyu shi ya ja ragamarsa da kansa. Ya kira Inna ya maimaita mata ƙa'idar da bakinsa, abin da mu huɗu muka kasa. Ya zaɓi ranar da ba kasuwa, ya ce ko wa ya zo a ce yana ciki, masallacin ƙofar gida kaɗai zai fita. Dattijon ɗakin gwaji ya ja kunnenmu a kan nama, domin dafaffe ko gasasshen nama yana ɗaga kiriyatinin na jini na ɗan lokaci, saboda haka aka ɗage tsiren dare. Ya kuma tambaya ko Baba yana shan Septrin, don shi ma yana ɗaga adadin ko da ƙoda lafiya take. Da yake bazara ce, muka sayo ƙanƙara muka zuba a baho, muka zaunar da jarka a ciki a inuwar bayan ɗaki. Ƙarfe 6 na safe aka zubar da na farko, 'yar'uwarmu ta rubuta a littafi. Baba da kansa yake juyewa da mazurari, ya wanke hannu, ya leƙo ya ce, "A rubuta." Ƙarfe 6 na washegari aka rufe jarka, Yaya ya ɗauke ta, wannan karon ba a sa ta a buhu ba.

Da muka kai, dattijon ya bar mu muka tsaya daga bakin ƙofa muna kallo. Ya auna yawan fitsarin, mililita 1,800, ya girgiza, ya ɗebi ɗan kaɗan, sauran aka zubar. Ya ce maganin da ake haɗawa da shi yakan juya launinsa zuwa ja-ja mai ruwan lemo, na'ura kuma ta karanta kaurin launin. Wani Bajamushe mai suna Max Jaffe ne ya gano wannan sauyin launi a 1886, kuma har yau da shi ake aiki a ɗakunan gwaji da yawa. Dabarar auna tacewar ƙoda da kiriyatinin kuwa wani masani ɗan ƙasar Denmak, Rehberg, ya kawo ta a 1926. Mu dai abin da ya tsaya mana a rai shi ne duk wannan ilmi da na'urori sun dogara ne a kan abin da aka yi a tsakar gidanmu.

Sakamako ya fito: miligiram 52 a desilita, sau 18, jimla 936. A raba da minti 1,440 na kwana guda, a gwada da na jini, amsa 32.5. Likita ta ce wannan awo yakan ɗan zarce gaskiya kaɗan, domin ban da tacewa, ƙoda tana tura wani ɓangare na kiriyatinin ta wata hanyar, don haka mu riƙe 30 a ranmu. Cikin matakai 5 na ciwon ƙoda mai daɗewa, Baba yana ƙarshen na 3. Ta ce abin da ya lalace ba zai dawo ba, amma ana iya rage gudun lalacewar. Ta hana ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, ta hana jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, ta rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya, ta ce maganin hawan jini kullum ne, ko kai ya sara ko bai sara ba. Bayan wata 3 aka sake awo don a tabbatar, adadin bai gusa sosai ba. Muka aika wa dillali cewa an fasa.

Yanzu asibitoci da yawa ba su cika ba da jarka ba. Daga awon jini kaɗai na'ura take fitar da ƙiyasi, bisa wani lissafi da aka fitar a 2009 aka kuma gyara shi a 2021. Ana ajiye tarin awa 24 ne don waɗanda tsokarsu ta saɓa wa ta yawancin mutane, kamar wanda ya rame ƙwarai ko wanda aka yanke wa ƙafa, da kuma wasu lokuta masu son ba da kyautar ƙoda. Amma ko wace hanya aka bi, abin tsoron ɗaya ne: ƙoda tana iya rasa kusan rabin ƙarfinta mutum yana yawonsa bai ji komai ba. Mai hawan jini da mai ciwon sukari bai kamata shekara ta zagayo ba su auna jini da fitsari ba. Mu huɗun nan duk mun je an auna mu a shekarar, aka kuwa sami hawan jini a jikin biyu daga cikinmu.

'Yan'uwa marubuta, mun daɗe muna jan ƙafa kafin mu rubuta wannan, saboda kunyar nan dai da ta sa muka ɗauki moɗa. A littattafanmu, in za mu kashe uban jaruma, sai mu ce ya yi gajeruwar rashin lafiya, ko mu ɗora wa kishiya da boka. Ba mu cika nuna takalmin da ya daina shiga ƙafa ba, ko zaman zaure ana lissafin gona. Alhali mutanen Gashuwa da kewayenta a Jihar Yobe sun shekara da shekaru suna kokawa da yawan ciwon ƙoda, kuma da wuya a sami unguwar da ba ta san wani gida da ya shiga irin kwana ukunmu ba. Mai karatun da ya ga jarka a cikin labari, wataƙila ranar da aka miƙo masa tasa ba zai rasa bakin yi wa mahaifinsa bayani ba.

Kafin mu aiko da wannan rubutu sai da muka karanta wa Baba, muka nemi izininsa. Adadinsa ya sauko kaɗan a 'yan shekarun nan, amma bai kai ga wanki ba, gonar fadama kuma bana ma an noma ta. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara mana wuri guda, ya ce jana'izar bayan azahar aka yi ta, jiran gawa ne ya tsayar da su. Sannan ya ce a buga, amma kada a cire maganar algus.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya ba masu jinya haƙuri da gaskiya. Amin.